Jawabin Kwamitin Walwala a Bikin Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiya: Mu da Matsalar Wuta



Mai girma shugaban taro, iyayen ƙungiya, Alhazai da Hajiyoyi, 'yan uwa da suka taso daga Maraɗi, Jibiya, Ƙonni, Illela, Damagaram, Maigatari, Gaya da Kamba, muna yi muku barka da zuwa. Allah ya saka da alheri, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Kun ɗora mana nauyin duba abin da za a yi da kuɗin da suka taru a asusun ƙungiya. Mun zaga rassa mun saurari jama'a, kuma duk inda muka zauna, kafin a sha ruwa maganar wuta ta taso. Mai sayar da ƙanƙara, mai kifi, mai injin markaɗe, tela, mai shagon magani, kowa kukansa ɗaya. Don haka a kanta za mu yi magana yau.

Bari mu tuna yadda muka zo nan. A ranar 29 ga Mayu, 2023, aka sanar da cire tallafin man fetur a Najeriya. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a wurare da yawa. Wata biyu bayan cire tallafin aka yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yuli, aka rufe iyaka, aka katse wutar da Najeriya ke tura wa Nijar, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi. Layin Birnin Kebbi zuwa Yamai ya mutu, haka ma na Katsina da ke ciyar da Maraɗi da Damagaram. Sai a Maris ɗin 2024 Najeriya ta ba da umarnin buɗe iyaka da mayar da wuta. Ba mu gama numfashi ba, a Oktoban 2024 manyan layukan da ke kawo wuta arewacin Najeriya suka lalace, jihohi da dama suka yi sama da mako guda cikin duhu. A Maris ɗin 2025 kuma dogayen layukan mai suka bayyana a Nijar, domin man da ke tsallakowa da araha daga Najeriya ya ƙafe, matatar SORAZ ta Damagaram mai tace ganga 20,000 a rana kuma ba ta iya ƙosar da ƙasar ita kaɗai.

Abin da muka koya shi ne, wutarmu da manmu a ɗaure suke da juna kamar yadda kasuwanninmu suke. In an yi atishawa a Katsina, Maraɗi ce ke kwana da mura.

A zaman da muka yi da rassa, ra'ayi ya kasu uku, kuma za mu faɗi kowanne da adalci.

Na farko sun ce wuta aikin gwamnati ne, kada mu taɓa asusu. Suna da hujja. Dam ɗin Kainji yana aiki tun 1968, an ƙara na Zungeru mai megawat 700, Nijar na gina na Kandaji a kan kogin Kwara, ga tashar hasken rana ta Gorou Banda kusa da Yamai mai megawat 30, ga ta Malbaza mai megawat 7. Muna fatan alheri ga dukkansu. Sai dai ginin Kandaji ya ɗauki shekaru masu yawa, kifin da ke cikin firjinmu kuwa kwana ɗaya ya ishe shi ya lalace. Za mu ci gaba da kai kukanmu ga hukumomi a ƙasashen biyu, amma ba za mu naɗe hannu muna jira ba.

Na biyu sun ce a sayi babban janareto a kowace kasuwa, a ja wa mambobi waya, a riƙa karɓar kuɗi duk wata. Shi ma ba zancen banza ba ne. Janareto mun san shi, makanikensa na nan kusa, yana ɗaukar injin niƙa ba tare da gardama ba. Amma cinsa kullum ne, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Farashin man da yake sha ba a hannunmu yake ba, kuma ranar da aka sake rufe iyaka, shi ma zai yi shiru. Ga hayaƙi da ƙara da ke damun masu rumfar kusa da shi.

Na uku sun ce a koma hasken rana, tunda ita rana ba ta tsayawa a shingen kwastan. Kwamiti ya karkata ga wannan, amma sai mun faɗa muku aibinsa tukuna. Kuɗin farko yana da nauyi, kuma batir ne ke cinye mafi yawansa. Batirin dalma kan gaji cikin 'yan shekaru, musamman a zafinmu. Na litiyam ya fi daɗewa amma ya fi tsada. Ƙurar hunturu na rage ƙarfin faranti in ba a goge shi. Babban injin niƙa yana buƙatar kayan da asusunmu ba zai iya saya ba a yanzu. Duk wanda ya ce muku sola za ta maye gurbin komai gobe da safe, talla yake yi.

Duk da haka ta ishi fitila, fanka, cajin waya, keken ɗinki, firji da famfon ruwa, kuma waɗannan su ne rayuwar yawancin mambobinmu. Ba sabon abu ba ne: tun 2018 aka fara ba dubban shaguna wutar sola a kasuwar Sabon Gari ta Kano.

Yanzu ga maganar da ta fi nauyi, kuma muna roƙon afuwar manyanmu. Da yawa daga cikin waɗanda suka ƙi sola sun ƙi ta ne saboda an taɓa cutar su. Wata Hajiya mai sana'ar ƙanƙara ta gaya mana yadda ta sayar da dabbobinta ta sayi faranti da batir, kafin damina ta zagayo batirin ya daina riƙe wuta. Wa ya shigo da kayan? Irinmu ne, 'yan kasuwar kan iyaka. Faranti a rubuta masa ƙarfin da ba shi da shi, tsohon batir a wanke shi a sa masa sabon kwali. Araha ba ta ado, amma laifin wanda ya ɓoye aibi ya fi na wanda ya nemi sauƙi. In ba mu gyara wannan ba, ko nawa muka zuba, jama'a ba za su yarda ba.

Saboda haka kwamiti na gabatar da shawarwari huɗu.

Ɗaya, a ware wani kaso na asusu a riƙa sayen kayan sola a sari, a ba mambobi su biya kaɗan-kaɗan ba tare da kuɗin ruwa ba, bi da bi kamar adashi. A fara da mata masu firji da teloli.

Biyu, duk mamban da ke sayar da faranti, batir ko inbata ya gwada kayan a gaban mai saye, ya ba da rasit mai ɗauke da wa'adin garanti. Wanda aka kama da algus, a kai shi gaban dattawa. In ya maimaita, a karɓe katinsa.

Uku, kowane reshe ya zaɓo matasa biyu, ƙungiya ta biya musu kuɗin koyon haɗawa da gyara, don kada abu kaɗan ya lalace a ce sai an ɗauko mai gyara daga Kano ko Yamai.

Huɗu, a tanadi wurin tara matattun batura a kowace kasuwa. Dalmar da ke cikinsu guba ce, kuma a Zamfara mun ga yadda gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a 2010. Kada mu bari yaranmu su riƙa fasa su a bayan rumfuna.

Ga 'yan uwanmu masu ra'ayin janareto, ba mu ce a jefar da shi ba. A bar shi ga aiki mai nauyi da ranar larura. Mun dai ce kada dukiyar ƙungiya ta tafi a sayen mai.

Iyayenmu fatake sun ratsa wannan hanya da jakai da raƙuma tun kafin a shata iyaka, kuma amana ce jarinsu. Ita muke so mu sa a wannan aiki. Bayan sallar La'asar za a buɗe fili, kowa ya faɗi ra'ayinsa, sannan a kaɗa ƙuri'a. Muna roƙon Hajiyoyinmu kada su yi shiru, domin su asarar ta fi taɓawa.

Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya sa albarka a kasuwanninmu, ya jiƙan waɗanda suka kafa ƙungiyar nan suka riga mu gidan gaskiya.