Sunan Jaka da Abin da Yake Ɗauke da Shi

 

Maganata ta yau a kan jaka ce, wadda kullum muke zuba wa mai saye kaya a ciki. Bajamushe idan ya yi sayayya a kanti, jakar da ake ba shi sunanta Tüte. Asalin kalmar daga harshen mutanen arewacin Jamus ne, kuma ma'anarta ƙaho, irin wanda ake busawa. To, me ya haɗa ƙaho da jaka? A da can, mai kanti takarda yake naɗewa, sama da faɗi, ƙasa da tsini, ya zuba sukari ko alewa, kamar dai yadda mai gyaɗa take yi a tasha. Daga baya siffa ta sake, amma suna ya zauna. Mu ma ai haka ne. Leda daga kalmar Turanci mai nufin fata muka aro ta, alhali ko ƙyallin fata babu a jikinta.

Wannan suna bai cuci kowa ba. Amma akwai na biyu. Kun san babbar jakar nan mai zanen ja da shuɗi? A Jamus wasu suna ce mata Türkenkoffer, wato akwatin Baturke, don yi wa Turkawa ba'a, waɗanda aka fara ɗibowa aikin ƙwadago bayan yarjejeniyar 1961. Mu kuwa muna ce mata Gana-mas-go, tun 1983 da gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takarda. Kada kuma mu manta, a 1969 Gana ce ta kori baƙi, har da Hausawa da Yarbawa da yawa.

Jama'a, mu nan fa zaman baƙunci muke yi. Wanda ya san zafin a ce masa ya tattara ya koma garinsu, bai kamata ya laƙaba wa wani wannan suna ba. Suratul Hujurati ma ta hana jifan juna da munanan laƙabi. Roƙona shi ne, a rumfunanmu mu koya wa yaranmu su ce babbar jakar kaya. Ciniki ba zai ragu ba.

Allah Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu.