Jawabi Ga Malamai A Kan Akushi Da Ciwon Sukari

Ya ku malamai da almajirai na Ruwan Bore, da waɗanda suka taho daga Gusau da Tsafe da Bunguɗu. Bayan haka, maganata yau a kan akushi take, watau nawa za a ci, kuma yaushe.

Ku sani ciwon sukari iri biyu ne suka fi shahara. Akwai mai kama yaro ko saurayi, jikinsa ya daina yin insulin, shi ne abin da ke kwashe sukari daga jini ya kai shi tsoka. Wannan sai allura, rage ci ba ya warkar da shi. Na biyun ya fi yawa, na manya ne, tun ba wanda ya ajiye teɓa ba. Kitse ya taru a hanta da gaɓar da ke yin insulin ɗin, sukari ya yi ta yawo cikin jini yana cin jijiyoyi, har ido ya dushe, gyambon ƙafa ya ƙi warkewa, hanyoyin jinin zuciya su toshe. Mutum yana zaune a zaure sai a ce ya faɗi.

Mu malamai lalle muna cikin haɗari, don aikinmu na zama ne. Manomi ya ci malmala uku ya ƙone ta a bakin kunya. Malami kuwa daga buzu sai masallaci, in tafiya ta kama a ɗauke shi a babur, ga akusan suna da na walima suna ta shigowa, mayar da su kuma da nauyi. Ga shayi da sukari cokali huɗu. Hadisin kasa ciki kashi uku mu ke karantar da shi, kun fi ni saninsa.

A ƙasar Birtaniya wasu likita biyu, Roy Taylor da Mike Lean, sun gwada wajen mutum 300 masu ciwon nan na manya. Rabinsu aka tsare su a kan kalori wajen 850 a yini, wata uku zuwa biyar. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin abinci, baligi kan ci 2000 ko fiye. A 2017 suka ba da labari: bayan shekara guda, 46 cikin 100 sukarinsu ya koma daidai ba da shan magani ba. Cikin waɗanda suka zubar da kilo 15 kuwa, 86 cikin 100. Amma da likita a kansu aka yi, kada wani ya ji wannan ya jefar da maganinsa.

To lokaci fa? A birnin Guangzhou na ƙasar Sin an raba mutum 139 masu ƙiba gida biyu, duka aka rage musu ci, amma gida ɗaya ba su ci sai tsakanin ƙarfe 8 na safe da 4 na la'asar. A 2022 aka ga waɗannan sun zubar da kilo 8, waɗancan 6 da ɗoriya, bambancin da likitocin ba su ɗauke shi tabbas ba, haka kuma hawan jini da kitsen jini. Ni abin da na fahimta, girman malmala shi ne babba, agogo mataimaki ne. Duk da haka jiki ya fi iya sarrafa sukari da hantsi bisa da dare, saboda haka tuwon da ake ci bayan isha'i a kwanta kansa, a jawo shi kusa da magariba, a rage shi, a ƙara miyar kuka da wake da zogale.

Azumi ma haka. Wanda ya yini da ƙishi, sa'an nan ya haɗa kunu mai sukari da ƙosai da shinkafa da fura cikin dare ɗaya, bai rage kome ba. Mai shan magani kuma yana da wani haɗarin. Binciken da aka fitar a 2004, na mutum fiye da 12,000 a ƙasashe 13, ya nuna faɗuwar sukari mai tsanani ta ninka sau bakwai da rabi cikin Ramadan ga masu ciwon na manya. Sai ya ga likita tun cikin Rajab a gyara masa maganin, ya jinkirta sahur, ya riƙa awo da rana. In awo ya kasa 70 ko ya haura 300, ko ya ji rawar jiki da gumi da jiri, ya sha ruwa, ya rama in ya sami lafiya.

Ba da almajirin da ke jiran ragowa nake ba, ko mai ciki, ko waɗanda tashin hankali ya raba da gonakinsu. Waɗannan ƙarin ci suke bukata, akushi na biyu in ya shigo ƙofarsu ya kamata ya nufa.

Wanda ya haura arba'in, ko yake yawan fitsarin dare da ƙishi, ya tafi awo da sassafe kafin ya karya, a asibitin tarayya na Gusau ko na Yariman Bakura. In awo ya kai 126 sau biyu, ciwon ne.