Shiga aji daban, fita da takarda daban: jawabi kan makarantar firamare a Libreville

Yau za mu leƙa Libreville, babban birnin Gabon, unguwar da ake kira Derrière la Prison, wato Bayan Kurkuku, saboda tana dab da babban gidan yari na Gros-Bouquet. Da yawanku kun san birnin. Kuna shigo da dabbobi da kaya ta Kyé-Ossi ko Eboro, ku bi Bitam da Oyem, wasu kuma iyalinsu na zaune can shekara da shekaru. To, maganar 'ya'yanku ce za mu yi.

A dokar Gabon, karatu tilas ne ga yaro daga shekara 3 zuwa 16. Bayan sauyin mulki na 30 ga Agusta 2023 kuma, hukumomin riƙon ƙwarya sun sanar da soke kuɗin rajista a makarantun gwamnati. Ƙasar ba ta da yawan jama'a, ƙidayar 2013 ta ba da mutum miliyan 1.8, amma mafi yawansu a birane suke, shi ya sa azuzuwan Libreville suke cika maƙil. A aji guda za ka tarar da ɗan Fang da ɗan Punu, ga ɗan Bahaushe, ga 'ya'yan mutanen Kamaru da Mali da Benin, kowa da harshen gidansu, malami kuwa Faransanci kawai yake yi.

Karatun yana da kyau? Yana da shi. A gwajin PASEC na 2019, wanda ƙasashe 14 suka shiga, har da Nijar da Kamaru da Cadi, 'yan ajin ƙarshe na Gabon ne suka zo kan gaba wajen iya karatu. Amma ga inda gizo ke saƙar: Gabon ta daɗe da suna wajen maimaita aji. A farkon shekarun 2000, kusan yaro 1 cikin 3 na firamare yana maimaitawa. Ke nan shiga makaranta ba shi ne wuya ba, hayewa daga aji zuwa aji ita ce aikin.

Ku makiyaya kun fi kowa gane wannan. Ba a ƙirga riba ranar da aka loda shanu a mota, sai ranar da suka sauka kasuwa da ƙafafunsu. Haka sunan yaro a rajista yake.

Abu uku ne ke kayar da 'ya'yan matafiya.

Na farko, takardar haihuwa, acte de naissance. Idan an yi haihuwa, a karɓi takardar asibiti a kai ofishin magajin gari da wuri, don wa'adin gajere ne. In ya wuce, sai an bi ta kotu a nemi jugement supplétif, ga kashe kuɗi ga zirga-zirga. Ana iya ɗaga wa yaro ƙafa ya zauna a aji, amma ranar haɗa takardun jarrabawar CEP, ta ƙarshen firamare, sai a nemi takardar nan. Shekara biyar ta wahala, a ce babu suna? Allah Ya kiyaye.

Na biyu, bambancin tsari. Firamare a Gabon shekara 5 ce, alhali a Nijar da Kamaru da Najeriya shekara 6 ce. Yaron da aka ɗauko daga Maraɗi ko Garwa ba lalle ajinsa ya dace da na can ba. Wanda ya fito daga Kano kuma Turancin Ingilishi ya sani, sai ya sake lale da Faransanci. Don haka, Alhaji, kafin ka ɗauke yaro daga wata makaranta, karɓi takardar shaidar ɗalibta da sakamakonsa na kowane zangon karatu, ka haɗa su da takardun tafiyarka.

Na uku, tafiya tsakiyar shekara. Ana buɗe makarantu wajajen Satumba, a rufe wajajen Yuni. Sai kasuwar Layya ta matso, uba ya ce yaro ya zo ya taya shi tsaron raguna, ko uwa ta tafi da shi ganin gida wata biyu. A ajin da ya cika, malami ba shi da sukunin komawa baya saboda mutum ɗaya. Ƙarshen shekara sai maimaici, yaro ya girme wa 'yan ajinsu, kunya ta kama shi, ya bar makaranta ya koma tallar kaya a kasuwar Mont-Bouët.

Ba mu ce a bar allo ba, ba mu ce kada yaro ya koyi sana'ar ubansa ba. Allo na da yamma da ranakun hutu, fatauci na da dogon hutu na Yuli da Agusta. Amma ku tuna, wanda zai karanta muku takardar kwastan da ta likitan dabbobi a bakin iyaka gobe, shi ne wannan da kuke barinsa ya gama shekararsa a aji yau.

Hajiya, ke da ke gida, duba jakar takardu a daren nan. Alhaji, in ka sauka lafiya, je ka gaisa da shugaban makaranta, ka tambayi matsayin ɗanka. Allah Ya raya mana zuriya, Ya kai kowa gida lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.