Abin da Sikeli Ba Ya Gani: Lacca kan Awon Ƙiba da Kitsen Jiki

 

Ba na jin akwai wanda bai taɓa tsayawa ana feɗe rago ranar layya ba a cikinmu. Da an farka ciki, sai ka ga wani farin kitse ya lulluɓe tumbi da hanji kamar mayafi, wani kuma ya naɗe ƙoda har ba ka ganinta. Wani ragon ma ka raina shi a kara saboda bai cika ido ba, sai da aka buɗe shi ka riƙe baki. Ku ajiye mini wannan rago a gefe, zan dawo kansa.

Idan ka je asibiti aka ɗora ka a sikeli, aka jingina ka da bango aka auna tsayinka, lissafin da ma'aikaciyar jinya take yi shi ne wanda likitoci ke kira BMI. Ana ɗaukar tsayi a mita, a ninka shi da kansa, sannan a raba nauyin kilo da abin da ya fito. Mai tsayin mita 1.70, ninkinsa 2.89 ke nan. In kilonsa 70 ne, lambarsa 24.2, in ya kai kilo 80, ta zama 27.7. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ga babban mutum, ƙasa da 18.5 rama ce, daga 18.5 zuwa 24.9 daidai, daga 25 nauyi ya fara yawa, daga 30 kuwa an shiga ƙibar da ake tsoro. Yara da masu juna biyu ba da wannan ma'aunin ake yanke musu hukunci ba.

Wanda ya fara wannan lissafi ba likita ba ne. Adolphe Quetelet sunansa, ɗan ƙasar Beljiyam, masanin lissafi da taurari, kuma wajejen 1832 ya yi aikin. Burinsa ya gano siffar matsakaicin mutum a cikin Turawan da ya auna, ba ruwansa da mara lafiya. Sai a 1972 Ancel Keys na Amurka ya raɗa wa lissafin sunan da muka san shi da shi yau, bayan nazarin maza fiye da 7,000 a ƙasashe biyar. Maza zalla, iyayena mata, ko mace ɗaya babu. Domin ƙidayar jama'a masu yawa aka tanadi ma'aunin, kuma a can yana da amfani ƙwarai: da shi aka gano cewa a 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ƙiba. Matsalar tana tasowa ne sa'ad da aka ɗauko shi aka aza wa mutum ɗaya.

Ku ɗauki ɗan kokawa irin waɗanda ke neman takobi a Nijar, tsayinsa mita 1.75, kilonsa 95. Lambarsa 31, wato a takarda mai ƙiba ne, alhali in ka dafa damtsensa kamar ka dafa turmi. Ga kuma ɗan kasuwa da ke wuni zaune a shago daga hantsi har magariba, ga lemon kwalba a gefe, tsayinsa mita 1.72, kilonsa 72. Lambarsa 24.3, an ce masa lafiya lau. Amma ƙafafunsa sirara ne, babbar riga ce ta rufa masa asiri, cikinsa ya kai santimita 98. Sikeli ba ya bambanta tsoka da ƙashi da ruwa da kitse, kuma bai san inda kitsen ya taru ba. Nan ne ake yi wa rogo kallon kitse, a kuma yi wa kitse kallon rogo.

To ga ragonmu ya dawo. Kitsen da ke ƙarƙashin fata, a cinya da ɗuwawu, cutarwarsa da sauƙi. Wanda ke cikin ciki, mai naɗe hanji, shi ne mugun. Abin da yake saki yana bin jijiyar jini kai tsaye zuwa hanta, hanta ta cika da maiƙo, jiki ya daina jin maganar insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini. Daga nan ciwon suga yake samun ƙofa, hawan jini ya biyo baya, wata rana a wayi gari ɓarin jiki ya shanye a ce iska ce. Mu kuma mun mai da teɓa alamar samu. Da tumbi ya fito sai abokai su fara "Alhaji, an ji daɗi."

Su ma masu ma'aunin sun yarda yana da giɓi. A 2004 kwararrun Hukumar Lafiya suka nuna cewa mutanen Asiya haɗarinsu yana farawa tun daga 23, kuma hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta sa baƙar fata 'yan asalin Afirka a wannan sahu. Ita ce kuma a 2022 ta ba da shawarar da na fi so, domin ba ta bukatar lantarki ko kuɗin kati: kada zagayen cikinka ya kai rabin tsayinka. Samu zare, ka auna daga tsakar kanka zuwa diddige, ka ninke shi gida biyu, ka zagaya da shi tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, wato ɗan sama da cibiya. Ka saki numfashi, ban da shanye ciki, don ba surukai ka je gaisarwa ba. In bakin zaren biyu ba su haɗu ba, akwai magana. Mai tef ɗin tela kuwa ya lura: namiji daga santimita 94, mace daga 80, haɗari ya fara. Iyaye mata sun riga sun san darajar irin wannan awo, tunda da ɗan tef mai launi ake gane tamowa a damtsen yaro, in ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11.5.

Dole in taɓa maganar 'yan matanmu kafin in zauna. Ana gab da biki sai a shiga shan sha-ka-fashe don amarya ta ciko. Da yawa daga waɗannan ƙwayoyi dexamethasone ne, maganin da ake rubutawa don wasu cututtuka daban. Fuska takan kumbura, kitse ya taru a ciki da doron wuya, tsoka ta zube, suga da jini su hau. Ana ta barka ta yi kyau, alhali cuta aka saya mata da kuɗi.

Roƙona gare ku, kowa in ya koma gida yau ya nemi zare ya gwada kansa, ya gwada mai ɗakinsa ko maigidanta. Wanda zarensa bai kai ba, ko me sikeli ya ce masa, ya je a duba masa suga da hawan jini cikin wannan makon.