A Gani Kawai, Ban Da Taɓawa

Yau zancen kuɗi ne, kuma daga gidanmu zan fara.

Bayan rasuwar Baba, Allah ya jiƙansa, muna kwashe kayansa muka tarar da takardun hannun jari a ƙasan akwatin ƙarfe. Na wani banki ne, ya saya a 2005, lokacin da Babban Banki ya ce kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25, bankuna suka yi ta tallar hannun jari har a rediyo. Wallahi ko Mama ba ta san da su ba. Bankin ma ya canza suna. Sai da na yi wata takwas ina zarya tsakanin kotu da ofishin rajistara kafin mu ga ko sisi.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. A 2023 hukumar SEC ta ce ribar hannun jarin da ba a karɓa ba ta kai kusan naira biliyan 190. Dokar kuɗi ta 2020 kuma ta ce ribar da ta shekara 6 ba a nema ba, a mayar da ita wani asusun amana na gwamnati. Ana iya nemanta daga baya, amma wa zai nemi abin da bai san da shi ba?

To Baba dai ya bar takarda. Mu fa? Namu duk cikin waya yake, an kulle da ɗan yatsa.

Ga yadda na yi. Na buɗe shafi a Google Sheets, na rubuta sunan dillalin hannun jarina, lambata ta CSCS, kamfanonin da na saya, da manhajojin da nake ajiya a ciki. Na tura wa Yaya Babba, na zaɓi izinin kallo kawai. Tana gani, ba ta iya gogewa, ba ta iya cire kobo. Duk wata uku ina sabunta shi. Masu kiripto, naku ma da sauƙi: adireshin walat ya isa mutum ya ga abin da ke ciki. Amma kalmomin nan 12 ko 24, duk wanda ya riƙe su ya riƙe kuɗin. Su da lambar sirri da OTP, ba sa shiga wannan shafin sam.

Na san abin da ke ranku. “Ai suna gani, roƙo ya fara.” Gaskiya ne, shi ya sa ban jefa a gurup ɗin gida ba. Mutum ɗaya na zaɓa, mai riƙe baki. Duk da haka, da kasuwa ta faɗi Yaya ta kira ni da sassafe: “Ƙanina, kuɗinka na narkewa, ka sayar!” Na zaunar da ita na yi mata bayanin hawa da sauka. Idan ba ka son a ga adadi, cire shi, ka bar sunayen wuraren kawai.

Wani abu da na koya a kotu: wanda ka rubuta a fom a matsayin makusanci, ba shi ke nan ya zama magaji ba. Shi za a tuntuɓa, rabo kuwa na shari'a ne.

Yanzu haka Yaya ta ce in buɗe mata nata asusun. Ranar Asabar za mu zauna, kuma ta riga ta gindaya sharaɗi: ni ma kallo kawai zan yi.