Burin Sabuwar Shekara: Abin Da Gasar Tsere Uku Ta Koya Mana

Shugaban Ƙungiyar Ɗalibai, malamai, da 'ya'yanmu ɗalibai maza da mata.

Mun gode da kuka kira mu mu yi muku jawabi a farkon wannan shekara. Mu huɗu ne, tsofaffin ma'aikatan gwamnati, ƙaraminmu ya haura shekara 58. Ba mu taɓa cin kofi ba, ba kuma wanda ke biyanmu. Abin da ya haɗa mu shi ne wasan nan da Turawa ke kira tiriyatalon, watau gasar tsere uku: mutum ya yi iyo, ya fito daga ruwa ya hau keke, ya sauka daga keke ya kama gudu, duk a jere ba hutawa.

Wasan bai daɗe a duniya ba. A birnin San Diyego na Amurka aka fara shi a irin tsarinsa na yanzu, a shekarar 1974. A 1978 aka yi gasar Ironman ta farko a Hawai, inda mutum 15 suka shiga, 12 suka kammala. Tsawonta iyo na kilomita 3.8, keke kilomita 180, gudu kilomita 42. A shekarar 2000 aka sa wasan cikin gasar Olamfik a Sidni ta Ostareliya, da tsawon da ya fi sauƙi: iyo mita 1,500, keke kilomita 40, gudu kilomita 10. Wannan na biyun shi muke yi, sau ɗaya a shekara, a hanyar da muka auna da kanmu, iyon kuwa a kwamin wanka mai tsawon mita 25, watau ƙetarawa 60.

To, a kowace Janairu mukan zauna mu rubuta burinmu a takarda. Bara kuwa muka tafka kuskure, kuma saboda shi ne muka yarda mu zo nan. Mun ɗauko tsohon littafinmu, muka ga lokacin da muka yi shekara goma da suka wuce, muka ce lalle sai mun sake yin irinsa. Muka ninka gudun da muke yi cikin mako uku kacal. Kafin azahar ta yi wa shekarar, ɗayanmu ya ji ciwo a agara, ya yi wata uku yana ɗingishi, wani kuma gwiwa ta kumbura har sujada ta gagare shi sai a zaune. Ranar gasar mutum biyu ne kawai suka tsaya a bakin ruwa. Haƙiƙa ba tsufa ne ya kayar da mu ba, girman kai ne. Mun nemi mu yi tsere da mutanen da babu su yanzu, watau mu kanmu na shekarun baya.

Saboda haka bana muka sake tsarin takardar. Ba mu rubuta sa'a ko minti na ranar gasa ba, domin wannan ba a hannunmu yake ba. Iska da rana da lafiyar jiki duk suna da ta cewa. Abin da muka rubuta shi ne aikin mako: iyo sau biyu, keke sau biyu, gudu sau biyu, rana ɗaya hutu, kuma ba a taɓa ranar hutun ko da jiki ya ce zai iya. Mun kuma sa iyo a gaba, don shi ne mafi rauninmu, shi ne kuma wanda muka fi ƙi, balle a wannan sanyi na hunturu. Mun lura mutum yakan ƙara ƙarfi a abin da ya riga ya iya don a yaba masa, ya bar wanda zai tona asirinsa. Babban burin kuwa ɗaya ne: mu huɗu mu tsaya a bakin ruwa ranar gasa, kowa da ƙafarsa.

Kada ku ɗauka wannan ragwanci ne. A 2012 wata mai hidimar coci 'yar Amurka, Madonna Buder, ta kammala Ironman a Kanada tana da shekara 82. A 2018 Hiromu Inada, mutumin Japan, ya kammala ta Hawai yana da shekara 85, saura 'yan mintoci wa'adin sa'a 17 ya cika. Babu wanda ya kai wannan matsayi da garaje. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu sai mu juyo gare ku. Nan da 'yan shekaru za a ba ku tebur da kujera, wasunku ma an riga an ba su. Mun san abin da kujerar nan take yi wa mutum, gama mun zauna a kanta fiye da shekara 30. Mun ga abokan da muka buga ƙwallo tare a makaranta sun wayi gari da hawan jini da ciwon sukari tun kafin su aurar da 'yarsu ta fari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babba ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Wannan rabin sa'a ne a kwana biyar, bai kai lokacin da kuke ɓatawa wajen mai shayi ba.

Ba mu ce sai kun yi tsere uku ba. Wanda ke da keke ya hau, wanda ba shi da shi ya zaga fili. Mai son koyon iyo ya nemi ruwa mai tsabta da mai koyarwa, ya guji kududdufi saboda tsargiya da haɗarin nutsewa. Amma ku rubuta burinku yadda muka koya da wuya: abin da za ku yi ranar Litinin, ba abin da kuke fatan zama a Disamba ba. Karatunku ma haka yake. Shafi 20 kullum ya fi alkawarin digiri mai daraja ta ɗaya.

Allah Ya ba mu lafiya, Ya kai mu baɗi mu dawo mu gaya muku ko mu huɗun mun tsaya a bakin ruwa.