Laburaren Jama'a Na Kowa Ne



Da yawa daga cikinmu in sun wuce ta ƙofar laburare sukan zaci wuri ne na 'yan makaranta da manyan ma'aikata kaɗai. Ba haka abin yake ba. Da kuɗin harajinku aka gina shi, saboda haka tela da direba da mai sayar da goro suna da haƙƙi a cikinsa daidai da malamin jami'a.

Wannan manufa ba sabuwa ba ce. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu En'e-En'e na Arewa suka buɗe ɗakunan karatu, inda mutane kan je su duba Gaskiya Ta Fi Kwabo don jin labarin yaƙi. A 1953 Hukumar UNESCO ta kira taro a Ibadan kan yadda za a kafa laburaren jama'a a Afirka. Daga nan aka buɗe babban laburare a Enugu a 1959, har da motar da ke kai littattafai ƙauyuka, don kada nisa ya hana manomi karatu.

To, amfaninsa sai an shiga. Ku je ku ba da sunanku a ba ku kati, ku tafi da 'ya'yanku, musamman waɗanda ba su da halin sayen littattafan jarrabawa. Wanda bai san inda abin da yake nema yake ba, ya tambayi ma'aikacin wurin, aikinsa ke nan.

Roƙonmu ɗaya: littafin da kuka ara, ku mayar ranar da aka rubuta. Kada a yage shafi. Sau da yawa kwafi ɗaya ne tak a garin, wani yaro kuwa yana nan yana jiransa.